Ƙullutun gefen ƙaramin yatsan ƙafa da tiyatar ƙaramin yanka: abin da ya kamata ku sani

Cire takalminka ka dubi gefen ƙafarka ta waje, daidai gindin ƙaramin yatsa. A wurin yawancin mutane wajen a shafe yake. Wasu kuwa za su ga ƙashi ya turo kamar ɗan goro, fatar wurin ta yi kanta, yatsan kuma ya karkata yana jingine da maƙwabcinsa. Idan kana yawo da silifas a cikin garin Guna, mai yiwuwa bai taɓa damunka ba. Ranar da ka sa takalmi sau-ciki za ka tafi ɗaurin aure Mirya ko Damagaram, ranar ce yake tuna maka yana nan.

Likitocin ƙashi suna da wata hanyar gyara shi ta ɗan ƙaramin yanka, wanda tsawonsa bai wuce ƙwayar wake ba. Ga bayanin ciwon, da yadda aikin yake, da abin da hoton ƙashi yake nunawa kafin a yi shi da bayan an yi.

Mene ne wannan ƙullutu?

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26. Biyar daga cikinsu dogaye ne, suna kwance jere a tsakiyar ƙafa kamar karan zana, kowanne yana ɗauke da yatsa ɗaya a kansa. Ana ƙirga su daga ɓangaren babban yatsa, saboda haka na biyar shi ne na can gefe, mai ɗauke da ƙaramin yatsa.

Ƙullutun da kake gani kan wannan ƙashi na biyar ne ya fito waje. Babu wani sabon abu da ya tsiro a jikinka, kuma ba ƙari ba ne. Idan takalmi ko ƙasa suka yi ta gugar wurin, fata takan yi kauri, wata 'yar jakar ruwa da ke tsakanin fata da ƙashi ta kumbura, wurin ya yi ja, ya riƙa zafi. A takardar asibiti ta Faransanci za ka iya ganin an rubuta "bunionette" ko "quintus varus". Duk shi ake nufi.

Kada ka rikita shi da ɗan'uwansa na gindin babban yatsa. Wancan ya fi girma, ya fi yawa a cikin jama'a, kuma ta ciki yake fitowa. Akwai masu fama da duka biyun a ƙafa ɗaya.

Su wa ya fi samu?

Turawa suna yi masa laƙabi da ƙullutun tela. Dalili shi ne teloli na zamanin da a ƙasa suke zama su tanƙwashe ƙafa su yini suna ɗinkin hannu, gefen ƙafarsu yana danne da daɓe. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai ɗinkin aska a kan babbar riga haka yake zama. Dukawan Damagaram masu aikin fata haka suke zama, haka malami da almajiransa a kan buzu da tabarma, haka mace mai saƙar faifai. Ko zaman tahiya a salla yana ɗora nauyi a kan gefen ƙafar hagu, shi ya sa wasu masu wannan ƙullutu a nan suke fara jin zafinsa.

Sai dai zama shi kaɗai ba kasafai yake lanƙwasa ƙashi ba. Yawanci ƙirar ƙafa ce ta gado: faffaɗar ƙafa, ko shimfiɗaɗɗen tafi marar rami, ko ƙashi na biyar mai ɗan baka tun haihuwa. Zama da matsattsen takalmi su ne suke tsokanar abin da dama yana nan. Mata sun fi maza zuwa asibiti da shi, kuma takalma masu tsinin baki da tsayin dunduniya suna da hannu a ciki. Sau da yawa yakan fito a ƙafa biyu.

Me hoton ƙashi yake nunawa?

Hoton ƙashi shi ne wanda ake cewa "radiyo" a asibitocin Nijar. Ana ɗaukarsa da wani haske da ido ba ya gani, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Yana ratsa nama, ƙashi kuma ya tare shi, sai ƙashin ya fito fari a kan hoto.

Abu na farko da za ka riƙe: a tsaye ake ɗaukar wannan hoto, kana taka ƙafar da nauyinka duka. Ƙafa takan baje idan an taka ta. Hoton da aka ɗauka kana kwance yakan ɓoye rabin matsalar.

Likita zai ja layi a kan hoton ya auna kusurwa, wato buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka tashi daga wuri guda. Ma'auninta shi ne digiri. Don ka gane girman digiri, dubi fuskar agogon bango: tazarar minti ɗaya digiri 6 ce. Ga abin da ake aunawa:

Buɗewar da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar. A lafiyayyar ƙafa takan tsaya wajen digiri 6 zuwa 8, wato minti ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan ta wuce 8, ƙashin ya fara ware kansa.

Karkatar ƙaramin yatsa a kan ƙashin da ke ɗauke da shi. Wajen digiri 10 ba laifi. Idan ta haura 14, ta yi yawa.

Faɗin kan ƙashin, wanda bai cika wuce milimita 13 ba, da kuma ko jikin ƙashin ya yi baka.

Da waɗannan ne wani likitan ƙafa ɗan Amurka, Michael Coughlin, ya kasa ciwon gida uku. A kashi na farko kan ƙashin ne kawai ya yi faɗi. A na biyu jikin ƙashin ya lanƙwasa waje. A na uku ƙashin miƙaƙƙe ne, amma ya buɗe ya yi nesa da na huɗu. Sanin kashin da kake ciki yana da amfani, domin shi yake nuna inda za a yanka. Mai kashi na farko wani lokaci goge gefen ƙashin kawai ya ishe shi. Mai na biyu ko na uku sai an yanke ƙashin an matsar da shi.

Dole ne sai an yi tiyata?

A'a. Mafi yawan masu wannan ƙullutu har su tsufa wuƙar likita ba ta taɓa su ba. Ga abin da ake fara gwadawa:

Takalmi mai faɗin baki da laushin fata. Ka saya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka gwada shi a tsaye. In kana da baduku na hannu, ya auna ƙafarka ya bar wa ƙullutun wuri, ko ya buɗa maka wanda kake da shi.

Ɗan matashi na auduga ko soso mai rami a tsakiya, a kewaye ƙullutun don kada takalmi ya taɓa shi.

Sauya zama. Shimfiɗa abu mai laushi, ko ka hau kujera 'yar tsugunno idan aikin zai daɗe.

Rage kanta a hankali da dutsen goge kaushi bayan ka jiƙa ƙafa. Kada ka sa reza.

Maganin rage zafi da kumburi na 'yan kwanaki, wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Waɗannan ba za su mayar da ƙashi wurinsa ba, amma sukan kashe zafin, kuma zafin ne abin da ake magani. Sai an yi watanni ana gwada su ba sauƙi sannan ake maganar tiyata. Ƙullutun da ba ya ciwo, ko da bai yi maka kyan gani ba, a bar shi.

Mai ɗori fa, ko wanzami? Ƙashin bai karye ba balle a ɗora, kuma babu mugunya a ciki balle a yi sakiya. Tsaga wurin na iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa, sai ƙaramin abu ya koma babba.

Yaya ake tiyatar ƙaramin yanka?

A tsohuwar hanya, likita yakan tsaga fata santimita 3 zuwa 5, ya ga ƙashin da idonsa, ya yanka shi da ɗan zarto, ya gyara, ya ɗaure da kusa mai zare. Har yau ana yin ta, kuma tana aiki.

A sabuwar hanya, hujin da ake yi milimita 2 zuwa 5 ne. Bayan an kashe ƙafar da allura, likita zai zura wani siririn ƙarfe mai juyawa, mai kaurin kusan milimita 2, kamar bakin na'urar huda katako amma ƙarami ƙwarai. Da shi zai yanke ƙashin daga ciki, kusa da wuyansa. Sannan ya tura kan ƙashin da yatsarsa ya koma kusa da na huɗu. Tun da ba ya ganin ƙashin kai tsaye, akwai na'urar hoto a ɗakin aiki da ke nuna masa cikin ƙafar a allo nan take, yana yanka yana kallo.

Wasu likitoci ba sa sa ƙarfe ko ɗaya, bandeji ne yake riƙe ƙashin har ya kama. Wasu sukan zura siririyar waya su cire ta bayan mako 4 zuwa 6. Wasu kuma su sa kusa su bar ta a ciki.

Stephen Isham a Amurka da Mariano de Prado a Sifaniya suna cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan aiki na ƙafa. A asibitin Rizzoli da ke Bolonya a Italiya, Sandro Giannini ya fito da wata hanya mai suna SERI, wadda ake yi da yankan santimita ɗaya da waya guda, ba tare da kayan aiki masu tsada ba.

Ga abin da sunan aikin yake ɓoyewa: fata ce kawai aka tausaya wa. Ƙashi yanke shi ake yi, kamar dai a tsohuwar hanya. Zai haɗe ne yadda karaya take haɗewa, kuma ƙashi ba ya karɓar gaggawa.

Me hotuna suka nuna bayan aikin?

Likitoci sukan ɗauki hoto kafin aiki da bayansa su kwatanta. A 2008 Giannini da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon ƙafa 50 ta mutum 32. Buɗewar da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar ta sauko daga kimanin digiri 12 zuwa kimanin 7. Karkatar yatsa ta sauko daga kimanin 17 zuwa kimanin 8. A 2015 Olivier Laffenêtre da abokan aikinsa na Bordo a Faransa sun ba da rahoton ƙafa 49 da suka bi kusan shekara uku, inda buɗewar ta ragu daga kimanin digiri 10 zuwa ƙasa da 6.

Koma ga agogonka. Ƙashin da ya ware minti biyu ya dawo minti ɗaya. Abin kamar ba yawa, amma a bakin ƙafa wannan 'yan milimita ne da suke raba takalmin da ke cizo da wanda ba ya cizo.

Bayan kusurwa, akwai abubuwa uku da likita yake nema a hoton. Na farko, ko ƙashin ya haɗe. A makonnin farko za a ga layin yanka baƙi, daga baya wani farin gajimare ya kewaye shi. Wannan sabon ƙashi ne, alama ce mai kyau. Idan ba a sa ƙarfe ba yakan yi kauri har ka ji shi da hannu kamar ƙullutun ya dawo, amma yakan lafa cikin watanni. Na biyu, ko ƙashin ya gajarce da yawa, domin ƙarfen yanka yana cinye ƙashi kusan gwargwadon kaurin ƙarfen. Na uku, ko kan ƙashin ya ɗaga sama fiye da kima.

Idan hoto ya yi kyau, an warke ke nan?

Ba lallai ba. Hoto yana nuna ƙashi, ba ya nuna zafi, ko kumburi, ko jijiyar da ta mutu. Akwai mai kyakkyawan hoto da yake ɗingishi, akwai kuma wanda layin yankansa yake fitowa a hoto har wata uku ko fiye alhali yana tafiyarsa lafiya. A wannan aiki hoto yakan biyo bayan jiki, don haka kada ganin layin ya tsorata ka idan zafi yana raguwa.

Ka kuma san iyakar binciken. Yawancinsa a kan mutane 'yan gomiya aka yi, sau da yawa likitan da ya yi aikin ne ya auna sakamakonsa, kuma kaɗan ne suka jera sabuwar hanya da tsohuwa suka gwada. Abin da za a iya faɗa shi ne da alama sabuwar hanya tana gyara kusurwa daidai da tsohuwar, da ƙaramin tabo da ƙarancin matsalar rauni. Sannan waɗanda aka auna galibi mutanen biranen Turai ne. Mai yini a gona cikin rairayi, ko mai zuwa rijiya da tulu a ka, ƙafarsa tana ɗaukar wani nauyi daban.

Wace matsala ce ka iya biyo baya?

Kumburi ya fi kowace yawa, kuma yana iya kai wata uku ko fiye. Akwai jinkirin haɗewar ƙashi, da ƙin haɗewa gaba ɗaya, wanda ba kasafai yake faruwa ba. Wata siririyar jijiyar ji tana bi ta gefen ƙafa, idan aka taɓa ta yatsa yakan yi sanyi ko ya riƙa tsikari. Ƙarfen yanka yana yin zafi idan yana juyawa, zai iya ƙona fata in ba a zuba ruwa ba. Bakin waya na iya kama ƙwayar cuta. Idan ƙashi na biyar ya ɗaga ko ya gajarce, nauyi yakan koma kan na huɗu, sai sabuwar kanta ta fito a tafin ƙafa. Ƙullutun ma yana iya dawowa, musamman idan aka koma wa takalmin da ya tsokane shi.

Zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko yatsa ya yi baƙi, ko ƙwauri ya kumbura yana ciwo: waɗannan ba a kwana da su a gida.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai ciwon suga shi ne na gaba. Idan ƙafarka ta fara mutuwa ba ka jin ƙaya, ko ƙullutun ya zama gyambo, ka je asibiti da wuri, domin gefen ƙashi na biyar yana cikin wuraren da gyambon suga ya fi fitowa. Haka mai ƙarancin gudun jini a ƙafa, da mai amosanin jini, da mai shan taba, wadda take jinkirta haɗewar ƙashi. Yaron da bai gama girma ba akan jira shi. Mace mai ciki ta faɗa kafin a ɗauki hoto.

Kwana nawa ake jinya?

Aikin kansa sau da yawa ba ya kai awa ɗaya, kuma akan sallami mutum ran nan. Za ka taka ƙafar da wani takalmi na musamman mai tauri da ba ya lanƙwasa, na tsawon mako 4 zuwa 6. Bandejin shi ne madaurin ƙashin, saboda haka ba a jiƙa shi, ba a kwance shi a gida. Ka tambayi likita da malaminka yadda za ka yi alwala da salla a zaune a wannan lokaci. A makonni biyun farko ka yawaita ɗaga ƙafar a kan matashi.

Aikin ƙarfi sai wajen wata uku. Wannan ya sa zaɓen lokaci yake da muhimmanci ga manomi. Wanda aka yi wa aiki a watan Yuni ya rasa shuka da noman fari. Bayan an kai gero rumbu, cikin ɗari, ya fi dacewa: ba laka, ba gumi mai jiƙa bandeji. In kana da lambun rani, ka samu wanda zai riƙe maka ban ruwa.

Daga Guna ina za a nufa, kuma me za a kashe?

Fara da gidan likita na kusa, wato CSI, a duba ko zafin ba daga wani ciwon gaɓa yake ba. Daga nan akan tura mutum asibitin Mirya, sannan Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, wato Damagaram, inda likitocin ƙashi suke. Masu hali sukan wuce Yamai, ko su tsallaka Kano zuwa asibitin ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959. Tiyatar ƙaramin yanka tana buƙatar injin yanka na musamman, da na'urar hoto a ɗakin aiki, da likitan da ya koyi hanyar, kuma ba ko'ina ake haɗa ukun ba. Idan likitan da ka samu ya fi ƙwarewa a tsohuwar hanya, hannun da ya saba ya fi maka ƙaramin tabo.

Kuɗin ba guda ɗaya ba ne. Akwai na ganin likita, na hoto aƙalla sau uku, na gwajin jini, na aikin da allurar kashe ƙafa, na magani, na takalmin jinya, da na mota duk ranar canjin bandeji. Ka haɗa da na wanda zai raka ka, da watannin da ba za ka yi aiki ba. Kulawar kyauta da Nijar ta fara a 2006 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa, wannan aiki ba ya ciki. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Ka nemi a rubuta maka lissafin duka a takarda kafin ka sayar da akuya.

Me zan tambayi likita?

A tsaye aka ɗauki hotona? Wane kashi nake ciki daga cikin ukun, kuma digiri nawa ne? Akwai abin da ban gwada ba tukuna? Sau nawa kuka yi irin wannan aiki? Za a sa waya, kuma yaushe za a cire? Sau nawa zan dawo, kuma wa zai canza mini bandeji idan na koma gida?

Ka adana hotunanka duka a cikin leda, nesa da rana da danshi, ka rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Kafin ka kai ga ɗakin hoto ma akwai awon da za ka yi da kanka yau: taka takarda a tsaye, wani ya zagaye ƙafarka da biro, sannan ka ɗora takalminka a kan zanen. Idan layin ƙafar ya leƙo ta gefen takalmin, ka fara da zuwa wurin baduku.